Wuya da Wuya, ko Kunnen Doki?

Jawabi ga manya masu koyon karatu na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum

Ina gai da dattawan da ke zaune a nan, ina gai da malamin da ke koya muku, ina kuma gaishe ku duka, ku da kuka baro gona da kasuwa da maƙera kuka zo neman ilmi da furfurarku. Allah ya saka muku da alheri, ya sa abin da kuka koya ya amfane ku da 'ya'yanku.

Ni dai sana'ata fassara ce, watau juya magana daga Turanci zuwa Hausa. An ce in yi muku jawabi a kan abin da zai taimake ku, tun da ya ke yanzu kun fara karanta jarida da takardun hukuma da kanku. Da na yi tunani sai na zaɓi wata 'yar magana ta Turawan Ingila, kalma uku ce tak. Kada ku raina ta don ƙanƙantarta. Ta taɓa ba ni kunya a gaban jama'a. Wanda kuwa ya gane ta sosai, ya gane wani abu babba game da tsere da zaɓe, da dukan abin da mutum biyu ke nema alhali ɗaya ne zai samu.

Asalin maganar

Ga yadda su ke rubuta ta: neck and neck. A baki kuwa kamar ka ce nek an nek. Kalmar farko da ta ƙarshe ɗaya ce, ma'anarta wuya, wannan da ke tsakanin kai da kafaɗa. Ta tsakiyar ita ce "da". In an bi ta kalma kalma, sai a ce "wuya da wuya".

To, wuyan wa? Wuyan doki ne. Mutanen Ingila masu son sukuwa ne ƙwarai kamar mu, sai dai tasu ta bambanta da tamu. Mu ran Salla, in Sarkin Zamfaran Anka ko Sarkin Mafaran Gummi ya hau, samari su kan sako dawaki a guje har ƙofar fada, su ja linzami, su yi jinjina. Abin da a ke kallo shi ne ado da iya hawa. Su kuwa tsere su ke yi, a fili aunanne, da sanda kafe a iyaka, da alƙali zaune daidai da sandar nan, ba abin da ya ke duba sai hancin da ya fara wuce ta.

Da ya ke a kan sa dukiya mai yawa bisa tseren nan, ba ya isa a ce wane ya ci kurum, sai an faɗi da nawa ya ci. Ma'auninsu kuwa jikin dokin ne da kansa. In na gaba ya tsere wa na baya da tsawon doki guda, daga hanci zuwa gindin wutsiya, watau wajen ƙafa 8, sai su ce ya ci da tsawo ɗaya. In bai kai haka ba, su ce da rabin tsawo. Ƙasa da wannan su ce da wuya, ƙasa da wuya su ce da kai, mafi ƙanƙanta duka su ce da hanci. Saboda haka in dawaki biyu suna gudu a jere, wuyan wannan daidai da wuyan wancan, ba wanda ya leƙo gaba, sai 'yan kallo su ce ga su nan wuya da wuya. Maganar ta fi shekara 200 a bakinsu. Tun tuni ta fita daga filin sukuwa, ta shiga kasuwa da makaranta da zaɓe. Yau Baturen da bai taɓa hawan doki ba ma ya kan faɗe ta.

Yadda ta ba ni kunya

Sa'ad da na ke sabon akawu, a wani ofis da ba sai na faɗi sunansa ba, aka ba ni wata takardar Turanci in juya ta, don a karanta wa jama'a. Labarin wasu mutum biyu ne masu neman kujera ɗaya, ranar jefa ƙuri'a ta matso. Sai ga maganar nan a ciki. Ni kuwa ina ji da Turancin da na koya a makarantar mishan, ban tsaya tambayar kowa ba, na rubuta cewa mutanen nan biyu "suna wuya da wuya".

Da aka karanta a bainar jama'a, sai wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Allah ya sawwaƙe musu! Ashe neman mulkin nan duka wahala su ke sha." Wani saurayi kuwa ya tashi da sauri ya shiga kasuwa yana ba da labari, wai an kama da faɗa, 'yan takara sun shaƙe wuyan juna. Kafin la'asar sai da aka aika mutum ya bi rumfa rumfa yana ƙaryata zancen.

Kun ga inda aka samu ɓata? A Hausa muna da wuya iri biyu. Akwai wuya ta wahala, akwai wuya na jiki. A baki ba su rikita kowa, gama muryarsu dabam ce: in ka ce wuya na jiki, murya ta kan fara sama ta sauko, in ka ce wuya ta wahala, ta kan fara ƙasa ta hau. Amma a takarda baƙaƙensu ɗaya ne. Babban ƙamus ɗin nan na Bargery da aka buga a 1934 yana da alamun da ke nuna hawa da saukar murya, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba shi da su. Dattijon nan ya ɗauki wuya ta wahala, saurayin ya ɗauki na jiki, ba kuwa wanda ya tuna da doki a cikinsu, domin Bahaushe ba ya auna tsere da wuya.

Kashegari na ce bari in gyara. Na tuna muna da tamu maganar ta doki, na soke ta farko na rubuta "sun yi kunnen doki". Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ce doki ya maye doki. Sai wani tsoho mai kiwon dawakin hakimi, wanda bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, ya ji ana karantawa, ya yafuto ni gefe.

Ya ce, "Ɗana, an jefa ƙuri'ar ne?"

Na ce, "A'a, Baba, sai jibi."

Ya ce, "To, wa ya gwada maka kunnen? Ai doki yana gudu kunnuwansa ba su tsaya wuri ɗaya. Sai ya tsaya cik, ya miƙe su, sa'an nan ka ke gani ɗaya bai fi ɗaya ba. Kai ka gaya wa mutane an gama an tashi daidai, alhali ko sirdi ba a sauke ba. Wanda ya ji haka, me zai fito da shi jibi?"

Na rasa ta cewa. Tun daga ran nan ban sāke juya magana ba sai na tambayi kaina abu biyu: me mai maganar ke nufi, kuma yaya Bahaushe zai faɗi wannan nufin in shi ne abin ya faru a gabansa.

Magana uku, hali uku

Abin da tsohon nan ya koya mini shi ne, in mutum biyu sun yi daidai a gasa, hali uku ne, ko wane kuwa da sunansa. Bari in yi muku misali da hanyar da kuka sani. A ce mahaya biyu sun tashi daga Anka, ɗaya bisa akawal, ɗaya bisa kili, sun ƙulla wanda ya riga shiga Gummi shi ya ci. Misali ne fa, kada wani ya je ya kashe dokinsa.

Hali na farko: kana tsaye a Ɗaki Takwas, suka wuce ka a jere, likkafa tana gugar likkafa. In an tambaye ka wa ke gaba, sai ka ce suna tafiya kankankan, ko ka ce kafaɗa da kafaɗa su ke. Wannan shi ne ainihin abin da Turawa ke nufi da "wuya da wuya". Tsere bai ƙare ba, da sauran hanya, kome na iya faruwa. Nan ne Bahaushe ke cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Hali na biyu: suka iso Gummi, suka shiga tare, alƙali ya duba ya kasa raba su. Wannan shi ne kunnen doki, ko canjaras. An gama, ba wanda ya ci, ba kare bin damo. Haka a ke yi a dambe in an taka turmi uku babu kisa, a raba su, kowa ya koma wajen mutanensa. Turawa ma suna da suna dabam domin wannan hali, su kan ce dead heat. In wani ya bi wannan kalma kalma zai ce muku "mataccen zafi", abin da ba shi da kai balle gindi, gama kalmar da ya ɗauka zafi ce, a filin sukuwa ma'anarta zagaye ɗaya na tsere.

Hali na uku: suka iso Gummi, amma a bakin gari akawal ya miƙa wuya ya riga kili shiga da taƙi biyu ko uku. Bature zai ce ya ci da wuya. Mu kuwa mu ce ya sha da ƙyar, ko ya ci da ƙyar da jiɓin goshi. Ku lura, wannan ci ne sosai, ba rabin ci ba. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Na sani za ku ji wasu masu ba da labari suna cewa "ana kunnen doki" tun ba a gama ba. Ban ce sun yi saɓo ba, harshe ya kan miƙe ya kan lanƙwashe. Amma ku da ke karatu, ku riƙa tambayar kanku ko an gama ko da saura, domin abin da ya kamata mutum ya yi a hali na farko ba shi ne na hali na biyu ba.

Kunnen doki abu ne mai wuyar samuwa

Akwai wani tsere a Ingila da ya fi ko wane suna, ana ce da shi Darbi. A kan yi shi shekara shekara a wani wuri mai suna Efsam, kudu da birnin London, dawaki 'yan shekara uku ne ke yinsa, tsawonsa kuwa mil ɗaya da rabi ne da 'yan yadi kaɗan. An fara shi tun 1780. A cikin shekarun nan duka, sau biyu kaɗai aka yi kunnen doki a kan na fari.

Na farko a 1828 ne, tsakanin wani doki mai suna Kadlan da wani mai suna Kanar. Da alƙali ya kasa raba su, sai aka sāke sako su su biyu kaɗai a ran nan, Kadlan ya ci. Na biyu a 1884 ne. A wannan karon masu dawakin suka shirya tsakaninsu, suka ce ba sai an sāke ba, suka raba kuɗin biyu. Kun ga hanya biyu ke nan ta warware kunnen doki: ko a sāke karawa, ko a raba.

Daga baya aka kawo na'urar ɗaukar hoto aka kafa ta daidai da sandar iyaka, tana kama abin da ido ba ya iya kamawa. A 1949 aka fara yanke hukuncin Darbi da hoto, aka ga wani doki mai suna Nimbas ya riga na biyu da kai ɗaya kurum. Abin lura a nan shi ne, dawaki su kan yi kankankan kullum, amma da wuya su ƙare da kunnen doki. Kusan ko yaushe akwai ɗan bambanci, ko da na hanci ne, in dai an sami ma'auni mai gaskiya da alƙalin da kowa ya yarda da shi.

Abin da ya faru a Sakkwato

Yanzu bari mu bar Ingila mu dawo gida, gama an yi irin wannan tsere a maƙwabtanmu, da yawanku kun ji shi da kunnenku. Kun sani mu da Sakkwato jiha ɗaya mu ke har ran 1 ga Oktoba 1996, sa'ad da aka yanke Zamfara. Ban zo yabon wata jam'iyya ko kushe wata ba, lissafi kaɗai zan ba ku.

A 2019 mutum biyu suka fi ƙarfi wajen neman kujerar gwamnan Sakkwato: Aminu Waziri Tambuwal na jam'iyyar PDP, wanda ke bisa kujerar a lokacin, da Ahmed Aliyu na jam'iyyar APC. Su biyun nan kuwa dawakin barga ɗaya ne, gama Ahmed Aliyu shi ne mataimakin Tambuwal tun 2015, sai a 2018 suka raba hanya. Aka jefa ƙuri'a ran 9 ga Maris. Da aka ƙirga, Tambuwal ya sami 489,558, Ahmed Aliyu ya sami 486,145. Tsakaninsu 3,413 ke nan.

Kuna tsammani aka ce Tambuwal ya ci? Ba a ce ba. Dalili kuwa shi ne, an soke zaɓe a wasu rumfuna, mutanen da ke da rajista a rumfunan nan kuwa sun fi dubu 75. Ƙa'idar hukumar zaɓe ita ce, in tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan mutanen da aka soke rumfunansu ba, to, ba a faɗin wanda ya ci tukuna, gama waɗannan mutane suna iya juya lissafin. Sai a ce zaɓe bai kammala ba, a sa rana a sāke a wuraren nan kaɗai. Wannan shi ne tsayawa a Ɗaki Takwas. Kankankan ne, da sauran hanya.

Aka sāke ran 23 ga Maris. Ƙananan hukumomi suka yi ta kawo nasu lissafin, har ya rage ana jiran na Kebbe. Ku mutanen Gummi ba sai an gaya muku inda Kebbe ta ke ba, iyakarku ɗaya. Jiha guda ta zura ido tana jiran abin da manoman ƙauyukan nan suka jefa cikin akwati. Da aka haɗa duka, Tambuwal ya tashi da 512,002, Ahmed Aliyu da 511,660. Tsakaninsu 342.

Ku tsaya mu auna 342 ɗin nan, domin lissafi ba ya shiga kai sai an kwatanta shi da abin da aka sani. Mutanen da suka zaɓi su biyun sun fi miliyan ɗaya. A ce manoma biyu ne, ko wane ya ɗaure gero wajen dami 1,500, sa'an nan aka ƙirga aka ga ɗaya ya fi ɗaya da dami guda. To, kwatancinsa ke nan. Ko kuwa a ce tseren Darbi ne na mil ɗaya da rabi, da na gaba bai tsere wa na baya da cikakken tsawon doki ɗaya ba. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. In ka raba 342 a kansu, ko wace ta sami wajen mutum 15, watau mutanen da ba su cika sahu guda na masallacin unguwa ba. Ga kuma wani lissafi: da mutum 171 daga cikin waɗanda suka zaɓi Tambuwal sun juya sun zaɓi Ahmed Aliyu, da ko wane ya tashi da 511,831, da an yi kunnen doki na gaskiya. Da sun kai 172, da kujera ta sāke hannu.

Wanda aka kayar bai yarda da lissafin ba, ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli. Ran 20 ga Janairu 2020 kotun ta tabbatar wa Tambuwal kujerarsa. Amma labarin bai ƙare nan ba. Ahmed Aliyu ya sāke tsayawa a 2023, aka jefa ƙuri'a ran 18 ga Maris, ya ci, ya hau kujerar da ta kuɓuce masa da 342.

Kada ku ce wannan sai a Sakkwato. A 2023 zaɓen ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Gummi da Bukkuyum, wanda aka yi ran 25 ga Fabrairu, shi ma bai kammala a ranar farko ba, bisa ƙa'idar nan da na gaya muku. Sai da aka koma wasu rumfuna ran 15 ga Afrilu kafin a faɗi wanda ya ci. Ko a Amurka ma, ƙasar da ta fi tamu yawan mutane, a shekara ta 2000 ƙuri'a 537 na wata jiha mai suna Fulorida su suka raba gardama tsakanin Bush da Gore a kan shugabancin ƙasar duka.

Abin da za ku tafi da shi gida

Na ɗauki lokacinku a kan kalma uku. Bari in tara muku abin da na ke so ku riƙe.

Na farko, game da karatu. Yanzu da idonku ya buɗe, takardu iri iri za su riƙa zuwa hannunku, da yawa kuwa daga Turanci aka juyo su. Mai juyawa mutum ne, ya kan yi kuskure kamar yadda na yi. In kun karanta magana kuka ji ba ta zauna a kunnenku na Hausawa ba, kada ku ce laifin jahilcinku ne, kada kuma ku ruga kasuwa da ita kamar saurayin nan. Ku sāke karantawa daga sama, ku duba abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta, ku tambayi wanda ya fi ku sani. Ku tuna tsohon da ya gyara mini bai iya rubuta sunansa ba, amma ya san doki, ya san Hausa. Abin da kuka sani tun kafin ku zo ajin nan bai zama banza ba don kun koyi boko. Da shi za ku riƙa auna abin da boko ya kawo muku.

Na biyu, game da hakkinku. In kun ji an ce mutum biyu suna kankankan, ku sani a ran nan ne ɗan ƙaramin abu ke da nauyi. Sa'ad da doki ɗaya ya tsere wa saura da nisa, ƙaimi ɗaya ba ya ƙara kome. Amma in suna jere, ƙaimi ɗaya shi ne ci. Akwai mutanen da suka kwana a gida ran zaɓen nan na Sakkwato suna cewa, ni ɗaya me zan ƙara? Ga shi kuwa mutum 15 a ko wace ƙaramar hukuma su ne tsakanin hawa da faɗuwa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ku da kuka iya karatu yanzu, kuna iya duba sunanku a rajista da kanku, ku karanta lissafin da aka lika a rumfarku, ku rubuta shi a takarda ku ajiye, ba sai wani ya gaya muku abin da ya ga dama ba. Wannan ita ce taku na'urar ɗaukar hoton.

Na uku, game da hali. Ko wane ɗayanku zai sami kansa cikin irin wannan tsere wata rana, ko neman sarautar unguwa, ko shugabancin ƙungiyar manoma, ko neman aure, ko ciniki. In kuna kankankan da abokin karawarka, kada ka fara kiɗa tun ba a kai iyaka ba, kada kuma ka saki linzami don ka ga ya leƙo gabanka. In an kai iyaka ka ci da ƙyar, ka tuna rabin jama'a suna bayan wancan, ka riƙe su da mutunci, gama ba ka fi shi da kome ba sai wuyan doki. In kuwa kai aka ci da ƙyar, na sani ya fi ciwo bisa a ce an tsere maka da nisa, domin zuciya za ta yi ta cewa saura ƙiris. In kana ganin an zalunce ka, ga alƙali nan, ka kai ƙara. In alƙali ya yanke, ka mai da dokinka turke, ka ba shi dawa da harawa, ka jira wani tseren. Dokin da aka riga da wuya ɗaya ba rago ba ne, kowa ya ga gudunsa. Abin da ba shi da amfani shi ne a ƙone barga don an rasa tsere ɗaya, gama gobe ba mai hawa, da wanda ya ci da wanda aka ci.

Saboda haka in wani ɗan makaranta ya zo yana yi muku burga da Turanci, ya ce wane da wane suna neck and neck, kada ku ce Allah ya sawwaƙe musu wahala, kada ku ce sun shaƙe juna, kada kuma ku ce sun yi kunnen doki. Ku ce masa, "To, kankankan su ke ke nan, sai mu ga iyaka." Sa'an nan ku tashi ku yi abin da ke kanku tun tsere bai ƙare ba.

Iyakar jawabina ke nan. In akwai mai tambaya, ina nan zaune har a yi kiran salla. Allah ya ƙara muku basira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.